"Me too" ko "Me neither"? Yadda ake yarda da magana a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Turanci, kuma abu biyu suna rikita ni. Wani ya ce mini "I don't like cold tea", ni ma ba na so, sai na ce "Me too", aka ce na yi kuskure. Sannan idan aka ce mini "You didn't go to school", kuma gaskiya ne ban je ba, "Yes" zan ce ko "No"?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wanda ya gyara maka ya yi gaskiya, kuma tambayoyin nan naka biyu tushensu ɗaya ne. Hausa da Turanci ba abu ɗaya suke dubawa ba idan za su yarda da magana. Bahaushe abin da mai maganar ya faɗa yake dubawa: in ka faɗi daidai ya ce eh, in ka faɗi ba daidai ba ya ce a'a. Bature kuwa jimlar da shi kansa zai furta yake dubawa. In akwai korewa a cikinta, wato irin "not", amsarsa ta korewa ce, ko da ya yarda da kai ɗari bisa ɗari. Duk sauran bayanin daga nan ya taso.

Bari mu fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce kuskurenta ya fi tsada.

A Hausa in aka ce maka "Ba ka je makaranta ba?" kuma ba ka je ɗin ba, sai ka ce "Eh, ban je ba." In kuwa ka je, ka ce "A'a, na je." A Turanci abin ya juya. Ba ka je ba, amsa ita ce "No, I didn't." Ka je, amsa ita ce "Yes, I did." Wato "Yes" abokin tafiyarsa aikatau mai tabbatarwa ne, "No" kuma abokin tafiyarsa aikatau mai korewa, ko yaya aka gina tambayar. Shi ya sa "Yes, I didn't" take yi wa mai jin Turanci karo a kunne: rabin farko ya ce ka je, rabin ƙarshe ya ce ba ka je ba.

Dabara mafi sauƙi ita ce ka cire "not" daga maganar a zuciyarka kafin ka amsa. An ce "Didn't you go?" ko "You didn't go?", kai ka ji ta kamar "Did you go?" aka ce, ka ba da amsar da za ka ba wannan. Tambayoyin uku amsarsu ɗaya ce. Ka saba da wannan, rabin matsalar ya kau.

Haka abin yake ko ba tambaya ba ce, zance ne kawai kake son gaskatawa. Wani ya ce "It's very hot today", ka yarda, sai ka ce "Yes, it is." Ya ce "This road isn't good", ka yarda, sai ka ce "No, it isn't." Ya ce "They haven't paid us", ka ce "No, they haven't." Wannan "No" ba musu ba ce, goyon baya ce, daidai take da ka ce "ƙwarai kuwa, ba su biya ba." Ɗalibai da yawa suna jin nauyin faɗinta ga malami ko babba, suna ganin kamar sun ƙaryata shi, sai su ce "Yes sir", shi kuma ya ɗauka musu ake yi masa. In kana son ƙaryata magana mai korewa ne, a nan za ka ce "Yes, it is" ko "Yes, they have", ka ɗan danna murya a kan kalmar ƙarshe.

Wannan ba maganar jarrabawa kaɗai ba ce. Ka ɗauka likitan da ba ya jin Hausa ya ce wa marar lafiya "You're not taking any other medicine?" Marar lafiyan yana shan wani magani, a zuciyarsa ya ce "a'a, ina sha", bakinsa ya fitar da "No" kawai. Abin da likita ya ji shi ne ba ya shan komai, sai ya rubuta masa maganin da bai kamata a haɗa da wancan ba. Irin haka na iya faruwa a gaban alƙali, ko wajen ganawar neman biza, ko a banki. Saboda haka a duk inda magana take da nauyi, kada ka tsaya a "Yes" ko "No" tsurarsu. Ka cika: "Yes, I am. I'm taking tablets for blood pressure." Su kansu masu harshen sukan rikice a nan, za ka ji wani ya ce "No, I did!" yana musu, ko "Yeah, I didn't" a hira. Abin da ke warware maganar kullum shi ne ɗan guntun da ya biyo baya, "I did" ko "I didn't". A rubutu da jarrabawa dai ka riƙe ƙa'idar.

Turancin ƙarni na 16 yana da kalmomi huɗu na wannan aiki: "yea" da "nay" don amsa tambaya mai tabbatarwa, "yes" da "no" don mai korewa. Biyun farko suka faɗi daga bakin mutane, aka bar biyu suna aikin huɗu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi Faransanci sun san kalmar "si", wadda ake musanta tambaya mai korewa da ita. Turancin yau ba shi da irinta, shi ya sa yake jingina da "Yes, I did".

Akwai wata tambaya da ke bin wannan layi: "Do you mind if I sit here?" Ma'anarta, zai dame ka in na zauna? In ka yarda mutum ya zauna, "No, not at all" ko "No, go ahead" za ka ce. Ka ce "Yes" tsurarta, ka hana shi ke nan.

Yanzu tambayarka ta farko, wato yadda ake cewa "ni ma".

Hausa kalma ɗaya gare ta a nan. "Ina son shayi." "Ni ma." "Ba na son shayi." "Ni ma." Turanci ya raba gida biyu. Maganar da ba ta da korewa ana bin ta da "so" ko "too". Mai korewa ana bin ta da "neither", ko "nor", ko "either". Mai Faransanci ya san wannan rabon, shi ne bambancin "moi aussi" da "moi non plus". Don haka amsar "I don't like cold tea" ita ce "Neither do I", ko "Nor do I", ko "I don't either", ko a hira ta yau da kullum "Me neither".

Ginin "So do I" da "Neither do I" sassa uku ne, kuma jerinsu ba ya canjawa: "so" ko "neither" a farko, mataimakin aikatau a tsakiya, wanda ake magana a kansa a ƙarshe. Na farko da na ƙarshe ba su da wuya. Aikin duk yana tsakiya, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokacinka.

Mataimakin aikatau ba kai kake zaɓensa ba, daga bakin mai maganar kake ɗauko shi. In jimlarsa tana da ɗaya daga "am, is, are, was, were", shi za ka maimaita: "I am tired", "So am I", "I wasn't there", "Neither was I". In tana da irin su "can, could, will, would, should, must, might", shi ma haka: "I can't swim", "Neither can I", "I will come", "So will I". In tana da "have, has, had" da ke gaban wani aikatau, kamar "I have finished", sai "So have I". In kuwa ka duba ba ka ga ko ɗaya ba, aikatau ne tsurarsa, sai ka aro "do", "does" ko "did" gwargwadon lokacin: "I live in Kano", "So do I"; "I went to Zinder last year", "So did I". Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya haddace "So do I" ya riƙa liƙa ta a ko'ina. A ce "I am hungry", ya ce "So do I". A ce "I saw him", ya ce "So do I". Na farko "So am I" ne, na biyu "So did I".

In mataimaka sun taru biyu ko uku, na farko kaɗai ake ɗauka. "I have been waiting for an hour", "So have I". "I should have called her", "So should I". "I won't be travelling", "Neither will I".

Sai kuma ka daidaita shi da wanda kake magana a kansa, ba da mai maganar farko ba. "I am late", "So is Binta", "So are we". "Musa plays football", "So do I", ba "So does I" ba. "I wasn't invited", "Neither were they".

Kalmar "have" ita ce ta fi kowace kayar da ɗalibai, domin wani lokaci mataimakiya ce, wani lokaci ita ce aikatau ɗin kansa. Ka duba abin da ya biyo ta. "I had finished" akwai wani aikatau a bayanta, don haka "So had I". "I had malaria last month" babu, suna ne ya biyo, don haka "So did I". "I have two brothers" amsarta "So do I". Za ka ji "So have I" a bakin wasu mutanen Ingila, kuma ba kuskure ba ne a maganar mallaka, amma "So do I" ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta Amurka. "I have lunch at two" ba mallaka ba ce, cin abinci ne, "So do I" kaɗai ta dace. "I've got a car" tana ɗaukar "So have I". "I have to go" tana ɗaukar "So do I". Kusa da su akwai "I used to smoke", wadda amsarta "So did I", da "I'm going to resign", wadda amsarta "So am I".

Taƙaitattun kalmomi ma suna ɓoye mataimaki. Harafin "d" a "I'd" yana iya zama "would" ko "had". "I'd like some water" "would" ne, sai "So would I". "I'd already left" "had" ne, sai "So had I". "I'd better go" shi ma "had" ne. Haka "s" a "He's": "He's coming" "is" ne, "He's gone home" "has" ne. Siffar aikatau ɗin da ke biye ita za ta gaya maka.

Daga nan sai korewar da ba ta fito fili ba, kuma masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB sun san nan ne ƙafar ɗalibi ke zamewa. Jimla tana iya zama mai korewa ba tare da "not" ba. Kalmomin "never, hardly, scarcely, barely, rarely, seldom, no, nothing, nobody" duk suna mayar da ita gidan "neither". "I never drink coffee", "Neither do I". "I've never been to Accra", "Neither have I". "I can hardly hear him", "Neither can I". "I have no money", "Neither do I". Ka lura da "hardly" musamman: ba ta da alaƙa da ƙoƙari ko wahala, ma'anarta da ƙyar, kusan babu.

Akasin wannan ma yana nan. Akwai kalmomin da ma'anarsu ta ƙi ce ko rashi, amma a nahawu jimlarsu mai tabbatarwa ce: "hate, dislike, refuse, fail, unhappy, unemployed". "I dislike noise", "So do I". "I failed the test", "So did I". Kwatanta "I'm unemployed", mai amsa "So am I", da "I'm not employed", mai amsa "Neither am I". Halin da mutumin yake ciki ɗaya ne, ginin jimla ne ya bambanta. Wannan bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba: "na ƙi zuwa" da "na kasa" da "na rasa" duk babu "ba" a cikinsu, alhali abin bai faru ba.

In jimla tana da ɓangare biyu, babban ɓangaren ake bi. "I don't think it will rain": abin da kake tarayya da shi a kai tunaninsa ne, don haka "Neither do I". "I wish I hadn't gone": korewar tana can ciki, babban aikatau "wish" ne, don haka "So do I".

Game da "too" da "either", su a ƙarshe suke zama, jerin kalmomi kuma ba ya juyawa: "I do too", "I am too", "I don't either", "I can't either". Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce korewa ɗaya tak ake buƙata a amsa. "Neither" ta riga ta ɗauko korewarta a jikinta, don haka mataimakin ba ya ɗaukar "not": "Neither do I". "Either" ba ta da ita, don haka dole mataimakin ya ɗauka: "I don't either". "Neither don't I" korewa biyu ce, ta yi yawa. "I do either" babu ko ɗaya. "I don't too" an haɗa gida biyu. "I also" tsurarta da "Me also", waɗanda ake yawan ji a wajenmu, fassarar "ni ma" ce kai tsaye. Za a gane ka, amma ba haka masu harshen ke faɗi ba.

"Me too" da "Me neither" daidai ne, kada wani ya ce maka ba Turanci ba ne. Na hira ne dai, tsakanin abokai da 'yan gida da saƙon waya, kuma alfanunsu shi ne ba sa buƙatar mataimaki. "Me either" ana jin ta sosai a Amurka da ma'anar "Me neither", amma malamai da yawa ba sa karɓarta, don haka ka gane ta in ka ji, kada ka rubuta ta. "Nor me" ta fi yawa a Ingila. "Same here" tana shiga gida biyun duka, kuma mafita ce mai kyau in magana ta zo maka da sauri. A takardar neman aiki, ko wasiƙar ofis, ko jarrabawa, cikakken gini za ka yi. Furucin "neither" iri biyu ne: gaɓar farko "nai" ta fi yawa a Ingila, "nii" ta fi yawa a Amurka. Duka daidai ne.

Akwai wuraren da "Me too" ba ta shiga ko da babu korewa. An ce maka "Nice to meet you", ka ce "Me too", kamar ka ce kai ma ka ji daɗin haɗuwa da kanka. Abin faɗi shi ne "Nice to meet you too" ko "You too". Haka "Have a nice weekend", amsarta "You too". In kuma ba mai maganar ne kan jimlar ba, wani abu nasa ne, "mine" ake sawa: "My father is a farmer", "So is mine" ko "Mine too", "My phone isn't working", "Neither is mine".

Jerin kalmomi ba ado ba ne, yana canja ma'ana. "So do I" ni ma haka. "So I do" kuwa gaskata abin da aka nuna maka ne cikin mamaki. An ce "You've left your key in the door", ka waiwaya ka gani, ka ce "So I have!", wato "af, ashe kuwa." An ce "It's raining", ka leƙa taga, ka ce "So it is." Yarda ce ita ma, amma ba ta tarayya ba. A furuci, nauyin murya a "So do I" yana kan kalmar ƙarshe, domin ita ce sabon labari. Sannan ba a ƙare amsa mai tabbatarwa da taƙaitacciyar kalma: "Yes, I am" ake cewa, ba "Yes, I'm" ba, "I am too", ba "I'm too" ba. Mai korewa kuwa ba laifi: "No, I'm not", "No, it isn't".

Wata "so" ɗin ta daban ita ce ta "I think so" da "I hope so", wadda ke tsayawa a madadin jimla sukutum. Korewarsu ba iri ɗaya ba ce. "I don't think so" ita ce ta yau da kullum. Amma "hope" da "afraid" "not" suke ɗauka a ƙarshe: "I hope not", "I'm afraid not". "I don't hope so" ba a faɗinta.

In ba ka yi tarayya da mutum ba, aikin ya fi sauƙi: ka ɗauki mataimakinsa ka juya shi. "I like boxing", "Oh, I don't." "I haven't read it", "I have." "I can't drive", "Really? I can." Ɗan "Oh" ko "Really?" da ke gaba yana sassauta maganar, kada ta fito kamar gardama.

Guntuwar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen jimla ita ma wannan ƙa'idar take bi. "You aren't coming, are you?" In ba za ka zo ba, "No, I'm not." In za ka zo, "Yes, I am." Mu "ko?" ɗaya muke da ita mai shiga ko'ina, shi ya sa ake jin "isn't it?" a bayan kowace jimla. A daidaitaccen Turanci ita ma mataimakin jimlar take bi: "You went, didn't you?", "She can't come, can she?"

Sanin ƙa'ida ba ya wadatarwa, domin a hira ba ka da lokacin lissafi, sai baki ya saba. Ka sami abokin karatu, kowannenku ya rubuta jimla 20 a kan kansa, 10 masu korewa, 10 marasa ita, a cakuɗa su, a kuma tabbatar mataimakan sun bambanta. Ɗaya ya karanta, ɗaya ya amsa nan take ba tare da ya ga takardar ba, sannan ku yi musaya. Minti 10 zuwa 15 a rana ya isa. A makon farko ku hana kanku "Me too" da "Me neither" gaba ɗaya, domin suna ɓoye raunin da kuke son gyarawa. A mako na biyu ku shigo da tambayoyi masu korewa waɗanda kun san gaskiyar amsarsu, irin su "You aren't a doctor?" da "Didn't you eat yesterday?", kowa ya amsa da cikakken guntu.

Ga guda shida da za ku fara da su: "I seldom watch television", "I'd rather stay", "I had a headache yesterday", "My brother doesn't drive", "I refused to pay", "I don't suppose he knows". Amsoshinsu a jere: "Neither do I", saboda "seldom", "So would I", domin "d" ɗin "would" ne, "So did I", domin "had" ita ce aikatau a nan, "Neither does mine", "So did I", domin babu korewa a ginin, sai ta ƙarshe "Neither do I", ba "Neither does he" ba, domin zaton mai maganar kake tarayya da shi, ba sanin wancan mutumin ba.